Kwanon Wake da Hantar Mashayi: Haƙƙi ne ko Lada?

Akwai tambayoyin da ba a ɗaga su a dandali, sai dai a zaure bayan baƙi sun watse, ko a tsakar gida da murya ƙasa-ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ita ce wannan: mutumin da ya jawo wa kansa cuta da hannunsa, wane haƙƙi ya rage masa a kan iyalinsa da danginsa da maƙwabtansa? A ƙasar Yekuwa da sauran garuruwan gundumomin Magarya da Dungas, cikin jahar Damagaram, tambayar takan yi nauyi ƙwarai idan ciwon na hanta ne, ana kuma raɗe-raɗin cewa giya ce mafarinsa. Jama'ar yankin Musulmi ce kusan baki ɗaya, shan giya kuwa haramun ne a addini, abin kunya ne kuma a al'ada. Mai sha yakan ɓoye, iyalinsa su taya shi ɓoyewa, har ranar da idanu suka yi ruwan ɗorawa, ciki ya kumbura, asiri ya tonu.

Ilimin likitanci na zamani ya ƙara wa wannan tambaya kaifi ta inda ba a zata ba. Ya tabbatar da cewa babban abin da mai irin wannan ciwo yake buƙata, bayan barin giyar, shi ne abinci mai gina jiki, kuma wanda ake samu daga tsirrai, irin su wake da gyaɗa da waken suya, yana cikin waɗanda jikinsa ya fi karɓa. Da a ce taimakon yana can cikin wani kantin magani a Yamai ko Faransa, da sai mu fake da talauci mu huta. To ga shi a cikin rumbunmu. Bayarwa ko hanawa ya zama zaɓi ke nan, duk wanda aka ba zaɓi kuwa an ɗora masa alhaki. Wannan muƙala za ta duba tambayoyi biyu da suke manne da juna. Shin abinci mai kyau yana iya fansar mutum daga illar abin da yake sha? Idan kuma ba ya iyawa, shin wanda ya ɓata hantarsa ya cancanci a ciyar da shi?

Abin da rumbu ya tanada

Yekuwa ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Magarya, kusa da iyakar Najeriya. Dungas kuwa a 2011 aka yanke ta daga Magarya ta zama gunduma ita ma. Yanki ne na manoma, mai yawan jama'a, wanda ya fi arewacin jahar samun ruwan sama. Hatsi da dawa su ne cimar yau da kullum, amma tsakanin shukarsu manomi yakan jefa wake, ya ware wani gefe ga gyaɗa da riɗi da yakuwa. A shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga kayan da take fitarwa waje. An kafa kamfanin SONARA a 1962 domin cinikinta, Magarya kuma ta sami masana'antar tatsar mai ta SEPANI. Farin 1973 da cutar kuturun gyaɗa ta 1975 suka karya wannan kasuwa, wake ya maye gurbi, har Nijar ta zama ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya.

Abin da masana ke kira furotin, wato sinadarin da jiki ke gina tsoka da jini da shi, yana da yawa a waɗannan amfanin gona. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne, haka ma gyaɗa. Waken suya da ake yin awara da shi ya haura kashi ɗaya cikin uku. Hatsi kuwa bai wuce kashi 11 cikin ɗari ba, kuma yana da ƙarancin wani ɓangare na furotin da ake kira laisin, wanda wake yake da shi a wadace. Ashe uwar da ta haɗa tuwon hatsi da miyar wake, ko ta barbaɗa ƙuli-ƙuli a kan dafaffen zogale, ta cike giɓin da masu bincike suka gano daga baya. Ƙosai da ɗanwake da alala da daudawar batso duk suna cikin wannan gado.

Mutanen Magarya sun ga ƙarfin gyaɗa da idanunsu. Tun daga yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitocin Médecins Sans Frontières ta fara aiki a yankin, dubban yara masu tamowa sun farfaɗo da wani haɗi na niƙaƙƙiyar gyaɗa da madara da sukari da mai. Babu wanda ya taɓa tambayar yaron da ya rame ko wane laifi ya yi kafin a miƙa masa. Mu riƙe wannan a zuciya, domin gardama tana farawa ne a lokacin da ramammen ya kasance babba, muna kuma zarginsa.

Abin da giya ke yi wa hanta

Bahaushe ya san darajar hanta tun kafin a zo da na'urar duba ciki. Idan yana son kwatanta aminai sai ya ce kamar jini da hanta. Idan tsoro ya kama mutum sai a ce hantarsa ta kaɗa. Nauyinta a jikin baligi kusan kilo ɗaya da rabi ne. Ita ke karɓar abin da hanji ya tsotsa daga abinci ta sarrafa shi, ta ajiye sukari domin lokacin yunwa, ta ƙera furotin na jini mai suna albumin wanda ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi, ta kuma mai da amoniya, gubar da ke fitowa daga narkewar furotin, ta zama abin da ƙoda ke zubarwa cikin fitsari.

Ita ce kuma ke ɗaukar mafi yawan aikin narkar da giya. A cikin wannan aiki giyar takan rikiɗa ta zama wani sinadari mai suna asetaldehaid, wanda ke raunata ƙwayoyin hantar. Ɓarnar takan bi matakai uku. Da farko kitse ya taru a cikinta, wannan kuwa yana iya washewa cikin ƴan makonni idan an daina sha. Sai kumburi, wanda kan zo da shawara da zazzaɓi, wani lokaci ya yi kisa cikin gaggawa. Daga ƙarshe tabo ya mamaye ta, ta ƙandare, jini ya kasa ratsa ta yadda ya kamata. A nan ne ciki ke cika da ruwa, ƙafafu su kumbura, tsoka ta zube, a yi aman jini. Idan amoniya ta taru ta hau ƙwaƙwalwa, sai barci ya juya, magana ta rikice, hankali ya gushe. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2024, ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai.

Dokar Nijar ba ta haramta sayar da giya ba, alhali jihohin Katsina da Jigawa da ke ƙetaren iyaka sun haramta tun da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000. Mutumin wannan yanki, mai zuwa kasuwa ko cin rani, yana ratsa dokoki biyu a yini guda. Hanta kuwa ba ta san iyaka ba, hukuncinta ɗaya ne a ko'ina.

Neman fansa a cikin abinci

Tambaya ta farko, wato ko abinci yana iya kare mashayi, masana sun daɗe suna kai-kawo a kanta. A 1949 Charles Best na birnin Toronto a Kanada, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano insulin, ya yi gwaji da ɓeraye tare da abokan aikinsa, suka yanke cewa illar giya ga hanta ba ta wuce ta ruwan sukari ba. A ganinsu rashin cin abinci mai kyau ne ke lalata hantar mashayi. Wannan ra'ayi ya yi wa mutane da yawa daɗi, domin ma'anarsa ita ce ka ci da kyau ka sha yadda kake so.

Wani likita mai suna Charles Lieber, a birnin New York na Amurka, shi ya rushe wannan fahimta. Shi da abokan aikinsa sun ciyar da birai irin bika da abinci wadatacce, cikakke da furotin da bitamin, sai dai rabin ƙarfin abincin daga giya yake. A 1974 suka bayyana sakamakon: duk da kyakkyawar cima, hantar birai ta bi matakan nan har wasu suka kai ga ƙandarewa. Giyar da kanta guba ce.

Abin lura shi ne Lieber ɗin ma bai daina neman garkuwa a cikin tsirrai ba. Ya ga wani nau'in maiƙo da ake tatsa daga waken suya yana rage tabon hanta a jikin birai, aka kuma gwada shi a kan mutum 789 masu yawan sha a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, tsawon shekara biyu. Sakamakon da ya fito a 2003 ya nuna babu bambanci tsakanin waɗanda suka sha maganin da waɗanda aka ba ƙwaya marar magani. Abin da ya faru shi ne mafi yawan mutanen, saboda kulawar da ma'aikatan jinya suka riƙa yi musu, sun rage sha ƙwarai, ciwon kuma ya tsaya a ɓangarorin biyu. An fita neman laƙani a cikin wake, sai aka tarar da shi a cikin barin giya da kuma kulawar ɗan Adam ga ɗan uwansa.

Darasin da ke nan ya wuce ɗakin gwaji. Zuciyar mutum tana son ciniki da gaskiya: in ci gaba da abin da ke cutar da ni, in biya diyya da wani abu mai kyau. Wannan sha'awa ce ke raya kasuwar masu tallar jiƙe-jiƙen wanke hanta a tasha da cikin motocin haya, alhali wasu daga cikin irin waɗannan haɗe-haɗe su ma suna raunata hantar. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kwanon wake ba kaffara ba ne, kuma duk malamin da ya koya wa ɗalibansa amfanin furotin ba tare da wannan gargaɗi ba, rabin gaskiya ya faɗa.

Inda abinci yake da aiki

Rashin zama garkuwa bai sa abinci ya zama banza ba. Shekaru da dama likitoci suna rage wa mai ƙandararriyar hanta furotin, don tsoron kada amoniya ta yi yawa ta gusar da hankalinsa. A gargajiyance ma, a wurare da yawa akan hana mai shawara nama da mai, a bar shi da kunu tsarara. Wani bincike da Juan Córdoba da abokan aikinsa suka yi a Barcelona ta Sifen a 2004 ya nuna cewa wannan hani bai hanzarta dawowar hankali ba, sai ma ya sa jiki ya riƙa cin tsokarsa. Tsoka kuwa ita ce mataimakiyar hanta wajen kwashe amoniya, don haka wanda aka bari da yunwa an ƙara masa ciwo ne.

Ƙungiyar likitocin hanta ta Turai, a ƙa'idojinta na 2019, ta ba da shawarar a ba irin wannan majinyaci furotin giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Mai nauyin kilo 60 yana buƙatar giram 72 zuwa 90 ke nan, alhali giram 100 na busasshen wake yana ba da kusan giram 24. An lura kuma cewa furotin na tsirrai da na nono sun fi na jan nama sauƙi ga wanda hankalinsa ke rikicewa, domin dusar da ke cikin wake da ganye tana hanzarta fitar bayan gida, amoniya ta fita tare da shi. Tun da hantar ta kasa ajiye sukari, kwana guda ba ci a wurinsa kamar yunwar kwana biyu ko uku ce ga mai lafiya. Shi ya sa ake son ya ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ya kuma sami wani abu kafin barci, ko da kunun gyaɗa ne ko fura da nono. Wanda cikinsa ya tara ruwa sai an rage masa gishiri, da dunƙulen ɗanɗano na miya, da kanwar da ake jefawa a tukunyar wake. Awon duk wannan aikin likita ne, amma dafawa da miƙawa aikin gida ne.

Hujjar masu cewa shi ya ja wa kansa

Yanzu mu zo ga tambaya ta biyu. Ba daidai ba ne a raina masu cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, domin hujjarsu tana da ƙarfi. A gidan manomi, tsakanin shuka da girbi, tiyar wake ɗaya tana da masu jira: mai ciki, da mai shayarwa, da yaron da aka yaye. Mutumin da ya kwashe kuɗin cefane ya kai mashaya shekara da shekaru, wataƙila ya haɗa da zagi da duka, yaya za a ce a cire daga bakin waɗanda ya zalunta a sa a nasa? Sannan suna tsoron kada tausayi ya zama izini, matasa su ga cewa kowa ya ɓata kansa za a tallafe shi.

Wannan gardama ba tamu ce mu kaɗai ba. A 1991 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga ra'ayoyi biyu masu karo da juna a kan dashen hanta. Alvin Moss da Mark Siegler suka ce, tun da hantar da ake dasawa ba ta isa kowa ba, wanda giya ta lalata tasa ya kamata ya bi bayan wanda bai da hannu a ciwonsa. Carl Cohen da Martin Benjamin suka ce likita ba alƙalin ɗabi'a ba ne, kuma ba a auna sauran majinyata da wannan ma'auni. Asibitoci da yawa sun daɗe suna sharɗanta wata shida ba sha kafin a yi dashe. A 2011 Philippe Mathurin da abokan aikinsa a Faransa da Beljiyam suka nuna cewa a cikin zaɓaɓɓun majinyata masu tsananin kumburin hanta, kashi 77 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa dashe da wuri suna raye bayan wata shida, alhali kashi 23 ne kawai suka rayu cikin waɗanda ba a yi wa ba. Mafi yawansu ba su da wata shidan da ake nema su jira. Can hanta ake rabo, nan wake, amma tambayar ɗaya ce.

Amsa ta farko ita ce ciwo ba ma'aunin zunubi ba ne. A cikin masu yawan sha na tsawon shekaru, ƙalilan ne hantarsu ke kai wa ga ƙandarewa, kimanin ɗaya ko biyu cikin goma. Gado, da jinsi, da ƙiba, da wata cutar hanta da mutum ke ɗauke da ita, duk suna da hannu. Mutum biyu su yi sha ɗaya, wannan ya tsufa yana tafiya da ƙafarsa, wancan ya kwanta yana ɗan shekara arba'in. Idan muka ɗauki ciwon a matsayin hukunci, to mun hukunta wanda jikinsa ya fi rauni, mun saki wanda ya fi ƙarfi, laifinsu kuwa ɗaya.

Amsa ta biyu ita ce ba ma bin wannan ƙa'ida a sauran lamura. Ɗan kabu-kabun da ya yi gudun ganganci ya karye, ana kai shi wurin mai ɗori. Dattijon da ciwon sukari ya kama bayan shekaru yana shan shayi mai zaƙi, ana zuwa gaishe shi. Mai taba da ke tari ba a hana shi kunu. Kusan kowane ciwo na manya yana da ɗan rabon sakaci a cikinsa. Abin da ya ware mashayi shi ne laifinsa yana da suna mai muni, namu kuwa an saba da su. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Amsa ta uku ta shafi bambanci tsakanin horo da jinya. Horo yana da mai yanke shi, yana da shaidu, yana da iyaka. Babu wata shari'a, ta addini ko ta gwamnati, da ta sa yunwa a cikin hukuncin mashayi. A cikin Sahihul Buhari an kawo labarin wani sahabi da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, saboda shan giya, ana yi masa horo yana komawa. Da wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana ƙaunar Allah da Manzonsa. An tsai da hukunci, an bar masa mutuncinsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Akwai kuma wani dalili da ya fito daga yanayin ciwon kansa. Masu cewa sai ya tuba za a kula da shi sun manta cewa tuba aikin hankali ne, hankalin mai wannan ciwo kuwa gubar da ke jininsa tana dusashe shi, yunwa tana ƙara dusashe shi. Malamai sun haɗu a kan cewa hankali shi ne sharaɗin ɗora wa mutum nauyi. Wanda yake son mashayi ya ɗauki alhakin aikinsa, wajibi ne ya fara taimaka masa ya dawo cikin hayyacinsa. Ciyarwa ita ke share wa nasiha hanya.

Duk da haka hujjar masu adawa ta bar mana bashi biyu. Na farko, matar da ta sha wahala ba ita kaɗai za a bar wa jinya ba, kuma ba daga rabon ƴaƴanta za a ɗiba ba. Ƴan uwan mutumin, da abokansa, da masu unguwa, su ne ya kamata su kawo tiya-tiya. Tausayin da ake yi da guzurin raunana zalunci ne da aka sake wa suna. Na biyu, kulawa ba ta tafiya da ƙarya. Dole a gaya masa a fili cewa kowane kurɓi yana rushe abin da kwanon ya gina. Wanda jikinsa ya riga ya kamu ƙwarai kuma, a gaban likita ya kamata ya daina, domin yankewa farat ɗaya tana iya kawo karkarwa da farfaɗiya har da mutuwa.

Zato da kunya

Duk abin da ya gabata an gina shi ne a kan cewa mun san giya ce sanadi. Sau da yawa ba mu sani ba. A yankin Sahel babban mai lalata hanta shi ne ƙwayar cutar hepatitis B, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da aka ƙiyasta fiye da kashi 8 cikin ɗari na jama'arsu suna ɗauke da ita. Akasari ana kamuwa ne tun ana jarirai ko ƙananan yara, daga uwa lokacin haihuwa, ko tsakanin yara, ko ta aska da allurar da ba a tsabtace ba. Takan yi shiru shekara talatin ko arba'in kafin ta bayyana. Sai a 2008 allurar rigakafinta ta shiga jerin alluran yara a Nijar, wato mafi yawan manyan yau ba su same ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da cutar a duniya a 2022.

Gyaɗar da muke yabo ita ma tana da nata haɗari. Idan ba ta bushe da kyau ba, ko aka ajiye ta a wuri mai laima, wata irin fumfuna takan kama ta, ta haifar da guba mai suna aflatoksin. An gano wannan guba ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Tana jawo sankarar hanta, idan kuma ta haɗu da hepatitis B haɗarin yakan ninka sau da yawa. Suya ba ta kashe ta. Mai sana'ar da ta tsince kyakkyawar gyaɗa ta kai kasuwa, ta niƙa ruɓaɓɓiyar ta yi ƙuli-ƙuli, tana iya cutar da hantar maƙwabta ba tare da an taɓa kiranta da mummunan suna ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, in ji masu iya magana, a wajen gyaɗa kuwa maganar ta tabbata har a ma'auni.

Idanu masu ruwan ɗorawa da kumburarren ciki kamanninsu ɗaya ne, ko giya ce ta jawo, ko ƙwayar cuta, ko guba. Liman da bai taɓa sanin warin giya ba yana iya kwantawa da irin ciwon da mashayi ya kwanta da shi. Gwajin jini ne kaɗai ke fara bambancewa. Al'ummar da ta mai da ciwon hanta tambarin fasiƙanci za ta ɓata sunan bayin Allah da yawa, ta kuma sa kowa ya ɓoye majinyacinsa a ƙuryar ɗaki har lokaci ya ƙure. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Kunya tana cikin kyawawan halayen da Bahaushe ke auna mutumin kirki da su, kuma babu shakka ta tsare matasa da yawa daga kurɓin farko. Amma kunyar da ke hana aikata ɓarna daban take da kunyar da ke hana neman magani. Ta farko katanga ce, ta biyu kabari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: majinyacin da ya ɓoye wa likita abin da yake sha ya ɓatar da shi daga hanyar magani, ba zai kuwa faɗa ba sai ya amince cewa faɗar ba za ta sa a juya masa baya ba.

Kammalawa

Ƴan uwa malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, wannan batu yana hannunmu fiye da yadda muke zato. A aji ne yaro zai fara jin cewa wake da gyaɗa abinci ne mai daraja, ba cimar rashi ba. A aji ne kuma ya kamata ya ji cewa babu abincin da ke wanke guba, cewa a tsince gyaɗa mai fumfuna a zubar, cewa a kai jariri rigakafi, cewa mai shawara asibiti ake kai shi a gwada jininsa. Masu wasan kwaikwayo, waɗanda suka saba fito da mashayi yana tangaɗi don a yi dariya, suna iya nuna shi a kwance, su nuna ƙaninsa yana shigowa da kwano, su bar masu kallo da tambayar.

Sunan garin Yekuwa ya yi daidai da kalmar da Bahaushe ke kiran sanarwar da sanƙira yake yi a bainar jama'a. Abin da ya cancanci a yi yekuwarsa a kan wannan batu magana biyu ce, kuma ɗaya ba ta tsayawa sai da ɗayar. Ga mai sha: kada ka ruɗi kanka, babu wake ko saiwa ko ƙwayar da za ta fanshe ka, dainawa ce kaɗai. Ga danginsa da maƙwabtansa: kwanon da za ku kai masa ba ladan kirki ba ne da za ku jira ya cancanta, haƙƙin majinyaci ne, kuma yana kanku tun daga ranar da ya kwanta. Hisabin abin da ya sha yana tsakaninsa da Mahaliccinsa, hisabin abin da muka hana shi kuwa mu za a tambaya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma kare masu lafiya.